Awa Nawa Ne Zuwa Kaduna? Lissafin Gudu, Nisa da Lokaci

Tambayi direbobi uku a tashar Unguwa Uku da ke Kano awa nawa ne zuwa Kaduna, za ka ji amsa uku. Wani zai ce awa uku da rabi, wani ya ce uku in hanya ta yi kyau, wani kuma ya bugi ƙirji ya ce shi awa biyu ta ishe shi. Mai yiwuwa ne duk cikinsu ba wanda ya yi ƙarya. Hanyar dai ɗaya ce, kimanin kilomita 230, ba ta ƙaruwa don wani, ba ta raguwa don wani. Abin da ya raba su shi ne gudu, kuma gudu abu ne da ake iya lissafawa da takarda da fensir. Lissafin ba shi da wuya, ɗan firamare ma zai iya. Sai dai akwai wurare uku ko huɗu da yake saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum, kuma a waɗannan wuraren ne ake faɗuwa jarrabawa, a nan ne kuma ake rasa rayuka a kan titi.

Asalin maganar gajeriya ce. Gudu shi ne nisan da aka ci a raba shi da lokacin da aka ɗauka. Motar da ta ci kilomita 180 cikin awa 2, gudunta kilomita 90 ne a awa. Daga wannan ake fitar da sauran biyun. In ka san gudu da lokaci, ninka su, nisa zai fito: kilomita 90 a awa, tafiyar awa 3, an ci kilomita 270. In kuwa nisa da gudu ka sani, raba nisan da gudun, lokaci zai fito: kilomita 270 a kan gudun 90, awa 3 ke nan. A makarantu ana zana wa yara wani kusurwa-uku da haruffa a ciki su haddace, kuma ba na ganin hakan yana taimakonsu sosai. Yaron da ya haddace zane yakan manta wace ce a sama wace ce a ƙasa ranar jarrabawa. Wanda aka nuna wa cewa “kilomita 90 a awa” na nufin kowace awa ɗaya ana cin kilomita 90, shi da kansa zai gane cewa awa uku sau uku ke nan.

Kakanninmu sun san wannan alaƙa tun kafin a kawo agogo, sai dai su da lokaci suke auna nisa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa cewa tsakanin gari kaza da gari kaza taki kaza ne. Zango suke ƙirgawa, da kwanaki. Wannan awo yana aiki ne saboda gudun ayari kusan sananne ne, jaki da kaya ba ya wuce abin da ya saba, don haka in an faɗi kwanaki an faɗi nisa. Haka malaman fiƙihu suka yi da nisan da ke halatta sallar ƙasaru. A mazhabar Malikiyya mil 48 ne, wanda malaman zamani ke ƙiyastawa da kilomita 80 da wani abu, kuma an kwatanta shi da tafiyar yini biyu ta raƙuma masu kaya. Yau mota tana cinye wannan nisan cikin awa guda. Da zarar abin hawa ya yawaita, wani jaki, wani keke, wani jirgin ƙasa, sai awon nisa da kwanaki ya daina wadatarwa, dole a raba nisa daban, lokaci daban, kowanne da ma'auninsa. Turawan mulkin mallaka sun zo da mil, har yanzu ga unguwar Mil Tara a Kano tana tuna mana da shi, daga baya aka koma kilomita.

Mita, wadda dubu ɗinta ke yin kilomita ɗaya, a Faransa aka ƙirƙiro ta a shekarun 1790. An ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba duniya biyu, ta kan birnin Paris, aka raba shi gida miliyan goma, aka ce kashi ɗaya shi ne mita. Daƙiƙa kuwa da daga tsawon yini ake yanko ta: awa 24, kowace awa minti 60, kowane minti daƙiƙa 60. Da aka gane cewa juyin duniya ba ya tafiya daidai wa daida, sai a 1967 aka koma ƙirga kaɗawar hasken da ƙwayar zarrar wani sinadari mai suna siziyom ke fitarwa, aka ce kaɗawa 9,192,631,770 ita ce daƙiƙa ɗaya. A 1983 aka sake wa mita ma'ana: ita ce nisan da haske ke ci a sararin da ba iska cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa. Wato a yau ita kanta mita da gudu da lokaci ake fitar da ita. Wannan ba maganar ɗakin gwaji kaɗai ba ce. Wayar da ke nuna maka inda kake a taswira tana auna lokacin da saƙo ya ɗauka daga taurarin ɗan'adam na GPS, masu shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200, ta ninka da gudun haske, ta fitar da nisa. In agogon ya yi kuskuren kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, za a saka ka mita 300 daga inda kake tsaye.

Wanda yake so ya gwada lissafin da hannunsa, damina ta ishe shi. Hasken walƙiya yana isowa nan take, domin haske na cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Ƙara kuwa a iska kimanin mita 340 take ci a daƙiƙa. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga, duk daƙiƙa uku kafin ka ji tsawa kilomita ɗaya ce tsakaninka da inda ta faɗa. Daƙiƙa tara, kilomita uku. In ƙirgar na raguwa daga walƙiya zuwa walƙiya, hadarin yana nufo ka, sai a kwashe shanya a shiga ɗaki.

Ruɗani na farko yana tsakanin abin da maleji ke nunawa da abin da tafiya ta bayar. Allurar maleji gudun wannan lokacin take faɗa, na yanzu-yanzu. Motar tana ƙirga juyin taya ne: tayar ƙaramar mota kewayenta kusan mita biyu ne, don haka juyi 500 kilomita ɗaya ke nan, kuma yawan juyi a daƙiƙa shi ake mayarwa lambar da direba ke gani. Shi ya sa wanda ya sa wa motarsa tayoyin da suka fi na asali girma, malejinsa zai riƙa nuna ƙasa da gudun da yake yi. Matsakaicin gudu kuwa wani abu ne daban: dukan nisan tafiya a raba da dukan lokacinta, har da tsayawa shan mai, da shingen bincike, da cunkoson shiga gari, da wurin da kwalta ta fashe aka koma giya biyu. Direban da ya bar Kano ya isa Kaduna cikin awa uku da rabi, matsakaicin gudunsa kilomita 66 ne a awa, ko da allurarsa ta taɓa 130 sau goma a hanya. Haka jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016: tsakanin Idu da Rigasa kilomita 186 ne, ranar da ya ci awa biyu da rabi matsakaicinsa 74, komai gudun da ya yi tsakanin tasha da tasha. Ko Usain Bolt, da ya gama mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, matsakaicinsa kimanin kilomita 37.6 ne a awa, alhali a tsakiyar tseren ya haura 44. Tashi daga tsaye ne ya ci masa sauran.

A ɗauki motoci biyu da suka bar Kano tare, a ce hanya lafiya lau take. Ta farko ta riƙe 100 ba ta tsaya ba, za ta isa cikin awa 2 da minti 18. Ta biyu ta riƙe 120, ta wuce ta farko da ƙura, amma ta tsaya minti 25 a Kwanar Ɗangora direba ya ci abinci. Lokacinta awa 1 da minti 55, a ƙara 25, ya zama awa 2 da minti 20. Mai 100 ya riga shi shiga Kaduna.

Daga nan wani kuskuren ke fitowa, wanda har manya masu ilimi ke faɗawa. Mutum ya je garin da ke da nisan kilomita 120 a kan gudun 60, ya dawo a kan gudun 120. Mene ne matsakaicin gudunsa? Kusan kowa zai haɗa 60 da 120 ya raba biyu ya ce 90. Amma zuwa ya ci awa 2, dawowa awa 1, jimilla kilomita 240 cikin awa 3, amsar ita ce 80. Dalili shi ne ya fi daɗewa a kan ƙaramin gudun, don haka shi ya fi nauyi a lissafi. Abin da aka rasa a wurin da aka yi tafiyar hawainiya ba ya dawowa cikin sauƙi ta hanyar taka totur daga baya. In rabin hanya ta lalace ana tafiya a kan 40, ko da direba zai iya gudun walƙiya a ragowar rabin, matsakaicinsa ba zai kai 80 ba.

Sai matsalar minti. Awa gida 60 ake raba ta, gadon da muka samu daga mutanen Babila, amma kalkuleta goma-goma ta sani. Ɗalibi ya raba 230 da 100 ya sami 2.3, sai ya rubuta awa 2 da minti 30, ko ma minti 3. Alhali 0.3 na awa minti 18 ne, domin sai an ninka da 60. Haka awa 1 da minti 15 ba 1.15 ba ce, 1.25 ce. Duk malamin da ya taɓa duba takardun jarrabawa ya san yawan makin da wannan ƙaramin abu ke kwashewa.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne yadda ribar gudu ke ƙanƙancewa. Tunda nisa ake rabawa da gudu, kowane ƙari yana ba da lokaci kaɗan fiye da na bayansa. A wannan hanya ta kilomita 230, wanda ya tashi daga 40 zuwa 60 ya rage tafiyarsa daga awa 5 da minti 45 zuwa awa 3 da minti 50, kusan awa biyu ya samu. Wanda ya tashi daga 100 zuwa 120, minti 23 ya samu. Daga 120 zuwa 140, minti 16 kacal. Ƙarin 20 ne a kowane mataki, amma sakamakon ba ɗaya ba. A cikin gari abin ya fi haka rashin tasiri: tafiyar kilomita 10 a kan 50 minti 12 ce, a kan 60 minti 10, kuma fitilar kan hanya ɗaya ko ɗan sahu ɗaya da ya tsaya ɗaukar fasinja ya isa ya cinye minti biyun. Wannan ma yana nuna inda maganin jinkiri yake. Gyara wurin da motoci ke rarrafe a kan 30 ya fi ceton lokacin matafiya nesa ba kusa ba a kan ƙure maleji a wurin da hanya ta riga ta yi kyau.

Wannan ɓangaren riba ke nan. Don a ga ɓangaren farashi sai an sauya ma'auni, domin kilomita a awa yana ɓoye abin da ke faruwa. Haɗari ba ya ɗaukar awa, daƙiƙa biyu ko uku ne. Kilomita mita 1,000 ce, awa kuma daƙiƙa 3,600, don haka in ka raba gudun maleji da 3.6 za ka sami mita nawa kake ci a kowace daƙiƙa. Gudun 36 mita 10 ne a daƙiƙa, 72 mita 20, 108 mita 30, 144 mita 40.

A ce saniya ta faɗo titi. Tsakanin ganin ido da taka birki akwai aƙalla daƙiƙa ɗaya ga direba lafiyayye da hankalinsa ke kan hanya. Mai gyangyaɗi ko mai duba waya ya fi haka. A cikin wannan daƙiƙar motar ba ta rage komai ba: mai 72 ya ci mita 20, mai 144 ya ci mita 40. Sannan birki ya fara aiki, kuma a nan lissafi ke sauya kama, domin nisan birki ba ya bin gudu ɗaya bayan ɗaya, gudun ake ninkawa da kansa. In gudu ya ninka biyu, nisan birki ya ninka huɗu. In ya ninka uku, tara.

Wannan ƙa'ida tsohuwa ce. Galileo, masanin Italiya da ya rayu daga 1564 zuwa 1642, shi ya fara auna irinta. Ba shi da agogon da zai kama faɗuwar dutse, sai ya riƙa gangaro ƙwallon tagulla a kan katako mai kwari da aka jingina, yana auna lokaci da ruwa: ya buɗe bututu lokacin da ƙwallon ta tashi, ya toshe lokacin da ta isa, ya ɗora ruwan da ya zubo a sikeli. Ya gano cewa in lokaci ya ninka biyu nisan gangara yana ninka huɗu, in ya ninka uku nisan ya ninka tara, kuma ya wallafa hakan a littafinsa na 1638. Mota mai taka birki tana yin abin da ƙwallon ta yi ne a juye. Ita ƙwallon gudunta ƙaruwa yake a kai a kai, ita kuwa mota raguwa yake, amma lissafin ɗaya ne.

Mu sa lambobi. A busasshiyar kwalta, da taya mai kyau da birki mai kyau, mota na iya zubar da kimanin mita 7 a daƙiƙa daga gudunta a kowace daƙiƙa. Da wannan ƙiyasi, mai 72 zai ci mita 29 yana kan birki, a haɗa da 20 na farko, mita 49. Mai 108 zai ci 64 da 30, mita 94. Mai 144 zai ci 114 da 40, mita 154, kusan filin ƙwallo ɗaya da rabi. Yanzu a jera mai 108 da mai 144 kafaɗa da kafaɗa, su ga saniyar a lokaci ɗaya tana da nisan mita 94. Na farko zai tsaya daf da ita. Na biyu, da ya iso wurin, mita 54 kawai ya yi a kan birki, kuma gudunsa har yanzu ya haura kilomita 100 a awa. Mutum zai zaci tunda bambancinsu 36 ne, da ɗan ƙaramin gudu zai buge ta. Ba haka lissafin ya ce ba, domin birki a ƙarshen tsayawa ya fi rage lambar maleji, a farkonsa kuwa mota na cinye ƙasa mai yawa kafin allura ta sauko. In an yi ruwa, ko yashi ya hau kwalta, ko tayar ta suɗe, ko an lafta wa motar buhuna har ta durƙusa, duk waɗannan nisan sai su ƙaru. Bambancin lokaci tsakanin motocin nan biyu daga Kano zuwa Kaduna kuwa bai wuce minti 32 ba.

Da wannan idon ya kamata a kalli iyakokin gudu da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke aiki da su: ƙaramar motar gida 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, motocin haya 90 a tagwayen hanya, tankoki da tireloli 60. Direbobi da yawa na ɗaukar su a matsayin takura, ko hanyar karɓar tara. Amma an rage wa tirela ne saboda nauyinta na sa ta daɗe kafin ta tsaya, an rage wa kowa a cikin gari ne saboda a nan yaro ke fitowa daga bayan mota ba zato.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi motocin da ake shigowa da su daga Amurka. Manyan lambobin malejinsu na mil ne a awa, na kilomita ƙanana ne a ciki. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗoriya. Direban da ya ga allura a kan 80 ya saki jiki, a gaskiya kusan 129 yake yi, in ta kai 100 kuwa 161 ke nan. Duk wanda ya karɓi makullin motar da bai saba da ita ba, ya duba rubutun da ke jikin malejin kafin ya hau titi.

Gudu kuma kullum a kan wani abu ake auna shi. Maleji a kan ƙasa yake aunawa, amma wajen wuce mota a hanya mai hannu biyu, gudunka a kan abin da ke gabanka da abin da ke tahowa shi ne abin lura. Tirela na tafiya a kan 60, kai kana kan 90. Ratar da kake ci a kanta 30 ce kawai, wato mita 8 da ɗan kai a daƙiƙa. Kafin ka fito daga bayanta, ka shafe tsawonta, ka ba ta wuri ka koma hannunka, kana buƙatar cin kimanin mita 60 a kanta, abin da zai ɗauki daƙiƙa bakwai da wani abu. A cikin wannan lokacin motarka ta ci mita 180 a kan titi. In wata na tahowa a kan 90, ita ma ta ci 180. Ke nan sai hanya ta kasance fayau har mita 360 kafin a ce akwai wurin wucewa, kuma ido ba ya iya tantance gudun motar da ke fuskantarsa kai tsaye daga irin wannan nisa, musamman da dare da fitila biyu kawai ake gani. Gaba-da-gaban da ake yi a kwana da kan tudu yawanci daga nan yake tasowa: direba ya ƙiyasta tsawon tirela daidai, bai ƙiyasta daƙiƙun ba.

Ba wanda zai riƙe sitiyari yana raba lamba da 3.6, kuma ba a buƙatar haka. Masu koyar da tuƙi sun mayar da lissafin ƙirga. Ka zaɓi wata alama a gefen hanya, bishiya ko turken wuta. Da zarar motar gabanka ta wuce ta, ka fara ƙirga a natse, dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku. In ka iso alamar kafin ka gama, ka matse ta da yawa, sai ka ɗaga ƙafa. Amfanin auna rata da lokaci shi ne tana buɗewa da kanta gwargwadon gudu: daƙiƙa uku a kan 36 mita 30 ce, a kan 72 mita 60, a kan 108 mita 90. In ana ruwa, ko hazo ya sauko, ko tirela ce a gabanka ta tare maka gani, sai a ninka ƙirgar zuwa shida.